Yadda Ake Sauya Ƙafar Na'urar Shara Mai Sarrafa Kanta, Mataki-Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini game da na'urar shara mai sarrafa kanta ita ce ta ƙafa. Wani ya ce tasa ta koma zagaya wuri ɗaya, wani ya ce ta daina hawa bakin kafet, wani kuma ya ce da ta fara tafiya sai ta tsaya tana sanar da cewa tayarta ta maƙale, kuma dukkansu abin da suke son sani shi ne ko tana gyaruwa ko sai dai a sayi sabuwa. Tana gyaruwa. A yawancin sanannun samfura, irin su Roomba na kamfanin iRobot da kuma Roborock, an ƙera kowace ƙafa a dunƙule ne, ta yadda za a cire ta sukutum a saka wata, kuma wanda ya iya riƙe sukundireba zai gama aikin cikin abin da bai wuce sa'a guda ba.

A cikin wannan dunƙulen akwai tayar roba, da ƙananan giyoyi na roba mai tauri, da ɗan moto mai juya su, da na'urar da ke ƙirga juyawar moton domin na'urar sharar ta san tsawon tafiyar da ta yi, da sifirin mai danna tayar ƙasa, sai kuma wani ɗan makunni da ke sanar da ita idan tayar ta bar ƙasa. A ganina kwancewar ba ita ce mai wuya ba. Inda mutane suke asarar kuɗi shi ne wurin gano abin da ya lalace, da wurin sayen kayan gyara, da kuma wurin mayar da murfi, saboda haka a nan ne zan fi tsayawa.

1. Tabbatar da cewa ƙafar ce ta lalace

Kada ka sayi komai sai ka yi wannan binciken, domin ba kowace na'ura mai zagaya wuri ɗaya ba ce ƙafarta ta mutu. Abubuwa biyu ne suke kwaikwayon wannan ciwon ƙwarai. Na farko shi ne makarin gaba, wato ɓangaren da ke lotsawa ciki idan na'urar ta yi karo da bango ko kujera. Idan ƙura ko wani ɗan tsakuwa ya riƙe shi a gefe ɗaya, na'urar za ta ɗauka har yanzu akwai abu a gabanta, sai ta riƙa ja da baya tana juyawa babu iyaka. Ka danna shi da hannu daga hagu zuwa dama, ka tabbata kowane gefe yana shiga yana dawowa da kansa. Na biyu shi ne idanun da ke ƙarƙashinta, waɗanda ke hana ta faɗawa daga saman bene. Idan ƙura ta rufe su, ko kuma tana kan kafet mai baƙi ƙirin, takan ɗauka rami ne a gabanta. Ka goge su da busasshen ƙyalle ka sake gwada ta a kan daɓe mai haske.

Idan waɗannan biyun lafiya lau suke, sai ka kashe na'urar, ka kife ta, ka gwada ƙafafun biyu da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ka danna kowace ƙafa ciki ka saki. Lafiyayya takan dawo da ƙarfi, wadda sifirin ɗinta ya tsinke ko ya zame kuwa sai ta zauna a ciki ko ta dawo a kasalance. Sannan ka juya tayar da tafin hannu. Lafiyayyar taya tana juyawa da ɗan nauyi, kuma za ka ji ƙarar giyoyin a jere, sumul, iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ta juya sakaka ba tare da wani nauyi ba, haƙoran giya sun cinye. Idan tana juyawa tana cijewa a wuri ɗaya tana ƙaras-ƙaras, ko dai haƙori ya karye ko wani abu ya shiga. Idan ta ƙi juyawa sam, galibi gashi ne ko zare ya nannaɗe sandar tayar. Amfanin samun ƙafa biyu shi ne ɗaya tana zama ma'aunin ɗaya, don haka kada ka yanke hukunci sai ka kwatanta su.

Gashin da ya nannaɗe ba ya bukatar sabuwar ƙafa. Ka haska tocila a tsakanin tayar da gidanta, ka tsinka shi da ƙaramin almakashi, ka zaro da hantsaki, kana juya tayar kaɗan-kaɗan har sai ka zagaye ta. Na'urori da yawa da aka yi wa hukuncin mutuwar ƙafa wannan kawai suke bukata.

Lambar gargaɗin da na'urar ke furtawa ko ke fitowa a manhajar waya ita ma tana taimakawa. A Roborock, lamba 3 tana nufin tayoyin ba sa taɓa ƙasa, lamba 7 kuma tana nufin sun maƙale. A tsofaffin Roomba na jerin 500 da 600, lamba 5 tana nuni ne ga tayoyin gefe. Sai dai lambobin suna bambanta daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka ka duba littafin na'urarka. Idan tana cewa taya ba ta taɓa ƙasa alhali tana zaune daram a kan daɓe, abin zargi shi ne ɗan makunnin nan da ke jikin ƙafar.

2. Gano ko ta hagu ce ko ta dama

Wannan mataki gajere ne amma a nan aka fi yin kuskure. Ƙafar hagu da ta dama ba iri ɗaya ba ne, kowacce kishiyar siffar ɗaya ce, kuma ba za a iya saka ɗaya a ramin ɗaya ba. Ana ƙidaya hagu da dama ne yayin da na'urar ke zaune a kan tayoyinta, kana tsaye a bayanta, gabanta yana kallon inda kake kallo. Da zarar ka kife ta ta gefe, wadda take hagu za ta koma hannunka na dama.

Na'urar kan juya ne zuwa ɓangaren ƙafar da ta mutu, domin lafiyayyar ce ke tura ta. Idan tana ta karkata hagu, ta hagun ce abin zargi. Ka manna ɗan salatif a kan ƙafar tun na'urar tana zaune daidai. A jikin yawancin ƙafafun za ka ga an rubuta harafin L ga ta hagu, R ga ta dama, kuma shi ya kamata ka bi wajen saye, ba yadda idonka ya gani bayan kifewa ba.

3. Yanke shawarar abin da za a saya

Zaɓi uku ne a gabanka, kuma kuɗinsu ya bambanta sosai.

Idan moto da giya lafiya suke, robar tayar ce kawai ta siɗe har na'urar take santsi a kan tayil ko take kasa hawa dokin ƙofa, ana sayar da robar ita kaɗai, kuma ita ce mafi araha nesa ba kusa ba. Wata takan zo a zobe da ake ja a saka, wata kuma a ɗan tsiri mai gam a bayansa. Ana ɓare tsohuwar, a goge gam ɗin da ya rage da sifirit, a bari ya bushe, sannan a ɗora sabuwar. Sau da yawa ba sai an buɗe na'urar ba ma.

Idan sifirin ne kawai ya zame daga maƙalarsa, mayar da shi ake yi, ba a kashe ko kwabo.

Idan kuwa giya ce ta cinye, ko moto ya ƙone, ko na'urar ƙirgar juyawa ta daina aiki, shawarata ita ce ka sayi ƙafar sukutum. Ana samun moton shi kaɗai, amma sauya shi yana bukatar buɗe gidan giyoyi da yin soda, kuma ɗan rangwamen da za a samu bai kai wahalar da haɗarin ba. Kuɗin cikakkiyar ƙafa ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar na'ura. Ta ainihin kamfani ta fi tsada, ta wasu maƙera ta fi sauƙi amma ingancinta sai wanda ya gwada, kuma inda takan gaza shi ne robar da ke saurin siɗewa da giyoyin da suka fi ƙara. Wadda aka ciro daga tsohuwar na'ura ma tana yi, muddin ka juya ta da hannu ka ji lafiyarta kafin ka biya.

Game da sauya ɗaya ko biyu, ka dubi tayar da ta rage. Na'urar tana lissafin tafiyarta ne bisa ɗaukar cewa tayoyin biyu girmansu ɗaya. Idan ɗaya sabuwa ce fil mai cikakken zane, ɗayar kuma ta siɗe, na'urar za ta riƙa ɗan karkata tana gyara kanta, kuma za ta riƙa santsi a gefe ɗaya. Idan zanen tsohuwar yana nan da sauransa, ɗaya ta isa. Idan ya shafe, ka sauya biyun, ko aƙalla ka saka wa tsohuwar sabuwar roba.

Gargaɗi: ka yi saye da cikakkiyar lambar samfurin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar ko a ƙarƙashin murfin sama, ba da sunan kamfani kawai ba. Ƙafafun samfura biyu na kamfani ɗaya suna iya kama da juna a hoto amma su bambanta a bakin soket, wato mahaɗar da ke kawo wa ƙafar wuta, ko a wurin ramukan sukuru. Hanya mafi tabbas ita ce ka fara cire tsohuwar, ka duba lambar da ke jikinta, ka ƙirga haƙoran soket ɗinta, sannan ka saya. Haka kuma, idan garantin na'urar bai ƙare ba, ka fara tuntuɓar kamfanin ko inda ka saya, domin kana iya samun ƙafar kyauta, kuma buɗe wasu samfuran da kanka yana iya soke garantin.

4. Haɗa kayan aiki

Kana bukatar sukundireba mai kan giciye, matsakaiciya da ƙarama, wato masu lamba PH2 da PH1. Wasu samfura suna da sukuru mai kan tauraro, don haka ka leƙa ƙarƙashin na'urar tun da wuri. Sai hantsaki, ƙaramin almakashi, tsohon buroshin haƙori, busasshen ƙyalle, tawul mai kauri, tocila, da ɗan faifan roba mai kaifi-kaifi, ko tsohon katin roba, na ɓalle murfi. Ka tanadi farar takarda da biro domin jera sukuru, da wayarka domin ɗaukar hoto.

Kada ka yi amfani da sukundireba mai aiki da batir. Duk sukurun nan a cikin roba suke shiga, kuma injin yana cinye zaren ramin kafin hannunka ya ji. Haka nan sukundirebar da ba ta cika kan sukurun ba, gwigwiye shi za ta yi har ya ƙi fita, kuma sukuru ɗaya da ya lalace a cikin rami mai zurfi yana iya mayar da aikin rabin sa'a ya zama na yini.

5. Kashe na'urar da kife ta

Ka ɗauke ta daga kan cajarta tukuna, domin wasu, kamar Roborock, ba sa mutuwa matuƙar suna kan caja. Ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe har fitilun su mutu. Idan tana da makunni na daban a ƙarƙashi ko a ƙarƙashin murfin sama, shi ma ka kashe shi. Ka cire akwatin ƙura ka zubar da abin da ke ciki. Idan mai goge daɓe ce, ka cire tankin ruwa da ƙyallen gogewa, domin ruwan da ya tsiyaya ciki yayin da take kife yana iya kaiwa ga fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa na'urar.

Ka shimfiɗa tawul a kan tebur mai haske ka kife ta, gabanta yana nesa da kai. Idan na'urarka tana da ɗan tulluwa a samanta, wato gidan hasken da take auna ɗaki da shi, kada ka bari nauyinta da na hannunka su sauka a kansa. Ka naɗe tawul biyu ka sa a gefe da gefe, tulluwar ta zauna a sarari a tsakaninsu. Wannan ɓangaren ya fi ƙafar tsada, kuma danna sukundireba da ƙarfi a kansa yana iya lalata shi.

Ka ɗauki hoton ƙarƙashin na'urar kafin ka taɓa komai, kuma ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki.

6. Cire buroshin gefe da murfin ƙasa

Buroshin gefe, mai yatsu uku ko fiye, yawanci sukuru ɗaya ne ke riƙe shi a tsakiya, wasu kuma ɓalle su ake yi da hannu. Ka riƙe shi da hannu ɗaya don kada ya juya, ka kwance, ka ɗaga. Ka buɗe maƙallan babban buroshi ka cire shi da murfinsa. A wasu samfura sai an zaro ƙaramar tayar gaba ma, wadda ja kawai ake yi ta fito.

A Roomba na jerin 500 da 600, sukuru huɗu ne ke riƙe murfin ƙasa, kuma ba sa fita gaba ɗaya, sassauta su ake yi su zauna a jikin murfin. Kada ka tilasta musu fita. A wasu na'urorin sukurun sun fi haka yawa kuma suna fita. Ka zana siffar na'urar a kan takardarka, ka ajiye kowane sukuru a daidai inda ya fito.

Gargaɗi: sukurun ba lallai tsawonsu ya zama ɗaya ba. Dogon sukuru da aka saka a ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa, kuma abin da ke ƙarƙashin yana iya zama waya ko fanel ko batir.

Idan ka kwance duk wanda ka gani amma murfin ya ƙi ɗagawa, kada ka ja da ƙarfi. Akwai sauran sukuru a ɓoye, galibi a ƙarƙashin takardar da aka manna, ko a ramin babban buroshi, ko a ƙarƙashin wata 'yar roba. Idan kuma maƙallan roba ne ke riƙe shi, ka zura katin roba a tsagar ka bi gefen a hankali kana jin suna sakin kansu ɗaya bayan ɗaya. Bakin wuƙa ko sukundireba yana karya su.

7. Cire batir

Wannan matakin ba a tsallake shi, ko da na'urar a kashe take, domin matuƙar batir yana haɗe akwai wuta a fanel, kuma sukuru ɗaya da ya faɗa a kansa ya isa ya ƙona shi. Yawancin batiran waɗannan na'urori masu bolt 14.4 ne. A Roomba da yawa batirin yana da kunnuwa biyu da ake kamawa a ɗaga shi. A wasu kuma waya ce ta haɗa shi da ɗan filogi mai maƙalli. Ka danna maƙallin, ka kama jikin filogin ka ja. Kada ka ja wayar kanta.

Ka dubi batirin da kyau tunda ya fito. Idan ya kumbura, ko yana wari, ko fatarsa ta yage, kada ka mayar da shi, kuma kada ka jefa shi cikin sharar gida. Ka ajiye shi nesa da abin da ke kama wuta har ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin batira. Bayan cire shi, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar da ta rage ta fita.

8. Cire tsohuwar ƙafa

A nan na'urorin suka kasu gida biyu.

A kashi na farko, wanda Roomba na jerin 500 da 600 suke ciki, sukuru uku ne ke riƙe ƙafar, kuma babu wata waya da za a zare, domin soket ɗin yana jikin gidan ƙafar ne, yana shiga fanel kai tsaye. Ka kwance sukurun uku, ka kama tayar ka ɗaga ta sama sak. Idan ta ɗan cije, ka girgiza ta kaɗan gaba da baya kana ja. Kada ka karkata ta gefe, domin hakan yana lanƙwasa haƙoran soket.

A kashi na biyu, wata 'yar waya mai launuka ce ke fita daga ƙafar ta bi ta wani lungu zuwa fanel. Ka ɗaga ƙafar kaɗan kawai, ka leƙa da tocila ka ga inda wayar ta bi, ka ɗauki hoto. Hoton nan shi ne zai cece ka wajen mayarwa. Sannan ka zare filogin da farce ko hantsaki, kana kama gefensa biyu. Filogin ƙarami ne ƙwarai, kuma idan aka fizge shi yakan taho da soket ɗin da aka yi wa soda a fanel. A wasu na'urori masu araha ba a iya kaiwa ga wannan filogin sai an raba ƙoƙon sama da na ƙasa. Idan taka irin wannan ce, ka sani akwai wasu siraran wayoyi da suka haɗa ƙoƙon biyu, na maɓallai da na makarin gaba, don haka ka buɗe shi kamar littafi, a hankali, kana duba abin da ke riƙe.

Gargaɗi game da sifirin: a wasu samfura yana cikin gidan ƙafar kuma yana fita tare da ita, a wasu kuma bakinsa ɗaya yana maƙale a jikin na'urar. Idan irin na biyun ne, ka riƙe shi da hantsaki da kyau kafin ka zame shi, ka kawar da fuskarka, domin a miƙe yake kuma yana iya tsalle. Ka adana shi. Ba kowace sabuwar ƙafa ce ke zuwa da nata ba.

9. Share ramin da kwatanta ƙafafun

Ramin da ƙafar ta fito za ka same shi cike da ƙura da gashi da suka dunƙule. Ka share da buroshin haƙori da busasshen ƙyalle, ka kula da bakin soket, ka tabbata babu ƙura a ciki kuma babu haƙorin da ya lanƙwashe ko ya yi baƙi. Baƙi ko alamar narkewa a nan yana nuna matsalar ta wuce ƙafa.

Sannan ka ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe. Ka kwatanta harafin hagu ko dama, da ramukan sukuru, da siffar soket da yawan haƙoransa, da tsawon waya, da inda sifirin ke maƙalewa. Idan wani abu ya bambanta, ka tsaya nan ka mayar da sabuwar a canza maka, tun ba ta sami tabon sukuru ba.

Kada ka fesa wa sabuwar ƙafa ko tsohuwar man feshin da ake sassauta tsatsa da shi. Yana wanke giris ɗin da ke cikin giyoyin, yana jawo ƙura, kuma idan ya taɓa tayar sai ta riƙa santsi. Sabuwar ƙafa tana zuwa da giris ɗinta.

10. Saka sabuwar ƙafa

Idan mai waya ce, ka fara haɗa filogin. Fuska ɗaya kawai yake shiga, don haka idan ya ƙi, juya shi za ka yi, ba danna shi ba. Ka mayar da wayar cikin lungunta daidai yadda take a hoto, ƙarƙashin kowane ɗan maƙalli da ta bi a da. Sannan ka danna tayar ciki ka saki sau da yawa kana kallon wayar, ka tabbata ba ta gogar tayar kuma ba ta miƙewa idan ƙafar ta sauko. Wayar da aka bari a hanyar ƙafa ba ta nuna matsala a ranar, sai bayan makonni ta guntule, mutum ya ɗora wa sabuwar ƙafar laifi.

Idan mai shiga kai tsaye ce, ka saita ta a kan ramin ka sauke ta sak. Ya kamata ta zauna da ɗan dannawa kaɗan, gefenta ya yi daidai da jikin na'urar ta ko'ina. Idan gefe ɗaya ya ɗaga, soket bai shiga ba. Ka cire ka sake. Kada ka yi ƙoƙarin jawo ta ƙasa da ƙarfin sukuru.

Wajen ɗaure sukuru a cikin roba akwai dabarar da ya kamata kowa ya sani. Ka ɗora sukurun a bakin ramin, ka juya shi baya a hankali kamar mai kwancewa, har sai ka ji ya yi ɗan ƙas ya faɗa. Wannan alama ce cewa ya sami tsohon zarensa. Daga nan sai ka juya gaba, za ka ji yana shiga da sauƙi. Idan ka fara ɗaurewa kai tsaye, yakan yanka sabon zare a kan tsohon, ramin ya buɗe, daga baya ya daina riƙewa. Ka saka duka ukun rabi-rabi tukuna, sannan ka bi su ka ƙarasa. Da ka ji sukuru ya tsaya, ka tsaya.

11. Mayar da batir da murfi

Ka mayar da batirin yadda ya fito, wayarsa a lungunta. Wasu na'urorin sukan yi ƙara ko su kunna fitila da zarar batir ya haɗu, wannan ba matsala ba ce, amma ka janye yatsunka daga tayoyin. Kafin ka ɗora murfin, ka ƙirga sukurun da ke kan takarda ka tabbata babu wanda ya faɗa ciki. Murfin ya kamata ya kwanta da kansa. Idan yana lilo a wani gefe, akwai waya ko kunnen batir a ƙarƙashinsa. Ka ɗaure shi, ka mayar da babban buroshi, da na gefe, da ƙaramar tayar gaba, da akwatin ƙura. Na'urori da yawa ba sa tashi idan akwatin ƙura bai zauna daidai ba.

12. Gwaji

Tun tana kife ka sake danna ƙafafun biyu ka juya su, ka ji ko sun yi daidai. Sabuwar tana iya ɗan fin tsohuwar nauyi, kuma hakan ba laifi ba ne. Ka juyo ta, ka ɗora ta a kan caja domin ta farka, sannan ka sake ta a fili a kan daɓe mai santsi. Idan manhajarta tana da wurin tuƙa ta da hannu, ka tura ta gaba tsawon mita biyu ka ga ko ta tafi a miƙe, ka juya ta hagu, ka juya ta dama, ka mayar da ita baya. Bayan haka ka gwada ta a bakin kafet da dokin ƙofa. Daga ƙarshe ka ɗaga ta sama tana cikin tafiya. Ya kamata tayoyin su tsaya nan take, wanda ke nuna ɗan makunnin da ke jikin ƙafar yana aiki.

Wasu tsofaffin samfura suna manta agogo da jadawalin shara idan aka cire batir, sai a sake saita su. Idan kuma na'urar ta daɗe tana aiki da gurguwar ƙafa, taswirar gidan da ta adana tana iya zama a karkace, bango ya hau kan bango. Ka goge ta ka bar na'urar ta zana sabuwa.

13. Idan matsalar ba ta gushe ba

Idan sabuwar ƙafar ba ta motsa ko kaɗan, abu na farko da za ka zarga shi ne soket. Ka cire batir, ka cire ƙafar, ka duba haƙoran, ka sake zaunar da ita. Idan tana fizga da gudu na ɗan lokaci sannan na'urar ta tsaya da gargaɗi, saƙon na'urar ƙirgar juyawa ne ba ya isa fanel, kuma dalilin ko dai filogi bai shige sosai ba, ko waya ta matse, ko kuma ƙafar ba ta wannan samfurin ba ce. Idan tana cewa taya ba ta taɓa ƙasa, ka duba ko wani abu ya tokare ɗan makunnin, ko sifirin ya hau inda bai kamata ba.

Idan duk wannan daidai yake amma gefen nan ɗaya ya ƙi aiki da tsohuwar ƙafa da sabuwa, to matsalar tana fanel ne, a ɓangaren da ke ba moton wuta. Hakan yakan faru idan taya ta daɗe a maƙale moton yana ta jan wuta har ya ƙona abin da ke ciyar da shi. Mai gyaran kayan lantarki da ya ƙware a soda yana iya sauya ɗan abin da ya ƙone, ko a sauya fanel ɗin gaba ɗaya. Kafin ka amince, ka haɗa kuɗin fanel da na aiki da na batir idan shi ma ya tsufa, ka kwatanta da kuɗin sabuwar na'ura. Idan ka fasa gyaran, ka cire sabuwar ƙafar ka mayar wa mai kaya ko ka sayar, tsohuwar kuma ka zare sifirin da sukurunta ka ajiye, sauran ka kai inda ake karɓar lalatattun kayan lantarki.